Karen kerkeci a gidan ɗan kasuwa: gadi ne ko ɗawainiya?

 Yau za mu ajiye zancen farashin hatsi da na kuɗin duwan, mu taɓa wata magana da ta taso mana a gidan rediyo, wadda da farko muka ɗauke ta abin dariya, sai daga baya muka gane ashe akwai dukiya da lafiyar iyali a cikinta.

Wani dare muna cikin shirinmu na kiran waya, sai wani Alhaji mai sayar da shinkafa da man girki ya kira. Ya ce sau biyu ke nan ɓarayi suna fasa masa mangaza, ga mai gadinsa ya tsufa, barci na ɗaukarsa tun kafin tsakar dare. Ana nan sai wani saurayi ya nuna masa hoton ƴan kwikwiyo a salula, ya ce masa ƴaƴan kerkeci ne daga Turai, in ya ajiye ɗaya ko aljani ba zai kusanci mangazar ba. An yanka masa kuɗi masu nauyi, aka ce ya ba da rabi kafin kaya su iso. Tambayarsa ita ce: ya biya ko ya dakata? Kafin mu rufe shirin sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta ce ita ma autanta ya hana ta sakat a kan irin wannan kare da yake gani a tele. Muka yi masu alkawarin za mu bincika. Ga abin da muka samo.

Suna ɗaya, dabbobi daban-daban

Abu na farko shi ne mu daidaita suna, don nan ne ake fara cutar mai saye. A bakin masu jin Faransanci, da yawa in sun ce chien-loup, wato kare-kerkeci, abin da suke nufi shi ne karen nan na Jamus mai baƙin baya da tsayayyun kunnuwa, wanda muke gani hannun jandarma da ƴan duwan, wanda ake ce ma berger allemand. Wannan kare ne tsantsa. Wani hafsan sojan Jamus mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa irinsa a shekarar 1899, kuma tun asali don kiwon tumaki da aiki tare da mutum aka zaɓe shi.

Shi kuwa kerkeci, a Hausar kakanninmu sunan karen daji ne mai dabbare-dabbaren jiki, wanda ke farauta a garke, wanda a yau ya kusa ɓacewa daga yankinmu. Da aka zo fassara littattafai sai aka ara ma dabbar nan ta ƙasashen sanyi sunan, shi ya sa duk wanda ya ji ƙissar Annabi Yusufa da Hausa ya san kerkeci. Wani abin mamaki, a shekarar 2015 masana suka auna jinin dilar da ke dazuzzukanmu, suka gano cewa ta fi kusa da kerkecin Turai a kan dilar ƙasashen Asiya. Ashe muna da ɗan uwan kerkeci a bayan gari ba mu sani ba.

Karen kerkeci na ainihi shi ne wanda aka samu ta hanyar haɗa kare da kerkecin Turai, abin da Bahaushe zai kira barbarar yanyawa. Iri biyu ne kacal babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, ta yarda da su: na ƙasar Cekosulobakiya da na Saarloos na ƙasar Holan. A kan na farkon za mu fi tsayawa, don shi ne ya fi yaɗuwa, kuma hotonsa ne ya fi yawo a wayoyi.

Soja ne suka ƙirƙiro shi

A shekarar 1955, lokacin da Turai take rabe biyu tsakanin ɓangaren Rasha da na Amurka, dakarun tsaron iyaka na Cekosulobakiya suna neman kare mai jure sanyi da doguwar tafiya, mai ƙarfin hanci, wanda zai riƙa bin sawun masu tsallaka iyaka zuwa Jamus ta Yamma da Ostiriya. Wani jami'i mai suna Karel Hartl ya kawo shawarar a haɗa karen Jamus da kerkecin duwatsun Karpat. Abin bai zo da sauƙi ba, sai ranar 26 ga watan Mayu na 1958 aka samu haihuwar farko, daga wata macen kerkeci da ake kira Brita da wani karen Jamus mai suna Cezar, a gidan kiwon karnukan soja na Libejovice.

Ƴaƴan farko sun ɗauko ƙarfin uwarsu da juriyarta, amma sun ɗauko har da tsoron mutane da taurin kai, horar da su ya zama jan aiki. Sai da aka yi ta mayar da su kan karen Jamus, aka kai tsatso na uku da na huɗu, sannan aka samu waɗanda za su iya aiki. Kerkeci huɗu kawai aka yi amfani da su a duk tsawon aikin, kuma na ƙarshe ya shiga cikin jinin a shekarar 1983. A 1982 ƙasar ta amince da shi a matsayin irinta na gida, FCI ta karɓe shi na wucin gadi a 1989, ta tabbatar da shi a 1999. Ƙasar da ta haife shi kuwa ta rabu biyu tun ranar 1 ga Janairun 1993, ta zama Cek da Sulobakiya, amma karen ya riƙe tsohon sunan.

Na Holan ya girme shi. Wani mutum mai suna Leendert Saarloos ne ya haɗa karen Jamus da macen kerkeci a shekarun 1930, yana fatan samun karen aiki mai ƙarfi. Abin da ya samu kare ne mai kyan gani amma mai gudun baƙo. Ya rasu a 1969, aka yi ma irin rajista da sunansa a 1975. Har yau masu kiwonsa da kansu suna faɗa cewa in ya ga abin da bai sani ba, ja da baya yake yi.

A nan akwai darasi ga Alhajinmu. Sojoji masu horo, masu albashin gwamnati, masu likitocin dabbobi a gefe, sun sha wuya kafin su sarrafa wannan jini, kuma har yanzu in ka duba karnukan aiki na soja da ƴan sanda a duniya, karen Jamus da na Beljiyam za ka fi gani, ba karen kerkeci ba.

Yadda yake a ido

In ka gan shi ba ka ce kare ne ba. Launinsa toka-toka ne, daga mai ɗaukar rawaya zuwa mai hasken azurfa, da fari-fari a kewayen baki da ƙasan wuya. Idanunsa ƙanana ne, a karkace, masu launin zuma. Kunnuwansa gajeru ne a tsaye. Ƙa'idar irin ta ce namiji kada ya gaza santimita 65 a tsayin kafaɗa da kilo 26 a nauyi, mace kuma kada ta gaza santimita 60 da kilo 20. Yakan rayu shekara 12 zuwa 16. Wato wanda ya saye shi yana da jariri a goye, zai iya kai yaron kwaleji karen na nan yana jiran abincinsa.

Tafiyarsa ita ce abin alfaharin masu shi. Yana sassarfa mai dogon taku, ba ya gajiya da wuri. A ƙasarsa ana yi masa jarrabawar juriya, yana bin mai keke kilomita 40, ko 70, har 100. Ku auna da kanku: kilomita 100 ya kusa nisan Ƙonni zuwa Tawa. Dabbar da aka halitta don irin wannan tafiya ita ce ake son a ɗaure a bakin mangaza da sarƙa mai taku uku.

Gashinsa hawa biyu ne. Na sama mai kauri ne, na ƙasa mai laushi kamar auduga, wanda ke ƙaruwa lokacin sanyi ya zama masa bargo. Sau biyu a shekara yake zubar da shi, kuma in ya fara, tsakar gida sai ta koma kamar wurin shiƙar auduga. Macen ta kan nemi namiji sau ɗaya a shekara, kamar kakarta ta daji, ba sau biyu ba kamar karyar gida. Wanda ke lissafin zai sayi mace ya riƙa sayar da ƴaƴa, to ya sa wannan a lissafinsa.

Halinsa: nan ne gizo ke saƙa

Me ɗan kasuwa ke nema wurin karen gadi? Haushi. Kare ya ji motsi ya tada mai gadi, ya tada maƙwabta, ɓarawo ya ji unguwa ta farka ya ranta cikin na kare. To karen kerkeci ba mai yawan haushi ba ne. Yana da kuka mai tsawo irin na kakanninsa, yana da gurnani da ƙananan sautuka, amma masu horar da shi sun shaida cewa koya masa haushi a kan umurni na daga cikin abubuwa masu wuya. Baƙo in ya shigo, yakan tsaya nesa yana kallonsa yana auna shi. In an matsa masa ya rasa hanyar gudu, a nan ne haɗari yake, domin cizon tsoro ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne almajiri mai bara.

Na biyu, dabbar garke ce. Yana manne ma mutum ɗaya ko iyali ɗaya, kuma kaɗaici yana cutar da shi ƙwarai. In aka bar shi shi kaɗai daga safe zuwa magariba, kamar yadda harkar kasuwa ta gada, zai huce a kan tabarma, buhu, ƙyaure da wayar wuta, ko ya cika unguwa da kuka. Ga shi gwanin tserewa: yana haura katanga, yana haƙa rami ta ƙarƙashinta, wasu har buɗe sakata suke koya. Masu kiwonsa a Turai suna yin shinge mai tsayin mita biyu ko fiye, su kuma zuba siminti a gindinsa.

Na uku, jinin farauta. Gidan Bahaushe ba ya rasa kaji, zabi, tantabaru, akuya, ga ragon layya da uwargida ta yi wata shida tana turkarsa da dusa da harawa. Duk abin da ya ruga a guje, wannan kare yana ganinsa abin bi ne. In ya fita ya kashe tunkiyar maƙwabci, ku kun san inda maganar za ta ƙare: wurin mai unguwa ko komisariya, ga biyan diyya ga ɓacin zumunci.

Na huɗu, wayonsa ya yi yawa. Yana koyon abu nan da nan, amma ba ya son maimaici, kuma ba ya yin abu don kawai an ce ya yi, sai ya ga ribarsa. A nan ya yi kama da ɗan kasuwa. Duka ba ya gyara shi, ƙara masa tsoro da rashin yarda yake yi. Horonsa na bukatar haƙuri da lada, ɗan yankin nama ko wasa, kuma tun yana ƙarami. Daga sati 3 zuwa sati 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke sanin abin da zai saba da shi: mutane, yara, awaki, ƙarar moto, hayaniyar titi. In wannan lokaci ya wuce yana kulle cikin keji ko cikin mota a hanya, gyaran sai an sha wuya, wani lokaci ma ba ya yiwuwa.

Kada a ce mun ɓata shi. A hannun wanda ya san shi kare ne mai amana, mai ƙarfin hanci, kuma a Italiya ana amfani da wasunsu wajen neman mutanen da suka ɓata a duwatsu. Amma irin wannan mai shi yana ba shi awa biyu kowace rana ta gudu da aiki. Wa ke da awa biyu a cikinmu, mu da muke buɗe rumfa tun hantsi bai ɗaga ba?

Bazararmu ba tasa ba ce

A biranen Prag da Biratislaba, inda wannan kare ya fito, tsakiyar lokacin zafinsu awo yakan tsaya wajen digiri 25 zuwa 28, lokacin sanyi kuma ruwa daskarewa yake yi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 41 abin yau da kullum ne a Yamai da Tawa, wata rana har ya kai 45. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 ƙwaƙwalwa da ƙoda suna fara lalacewa, kuma yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci.

Duk mai kare mai kaurin gashi, ko na kerkeci ko na Jamus, ya riƙe waɗannan. Inuwa ta gaskiya, ta bishiya ko rumfar zana, ba ƙarƙashin kwano ba. Ruwa mai sanyi a kowane lokaci: kare mai kilo 30 yana shan kusan lita 2 a rana, da bazara kuma ya ninka. Fita yawo sai da asuba ko bayan magariba. Kafin a fita a ɗora bayan hannu a ƙasa, in ya ƙone ka to zai ƙone tafinsa. Kada a aske shi da sunan taimako, domin gashin sama yana kare fatarsa daga rana, abin da ake so shi ne a riƙa taje shi ana cire mataccen gashin ƙasa. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko da na shiga banki ne a fito.

In kuka ga yana haki ba tsayawa, harshe ya yi ja wur, miyau na dalala, yana tangaɗi ko amai, a ɗauke shi zuwa inuwa nan take, a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da cinyoyi, ana yi masa fifita, sannan a garzaya wurin likitan dabbobi. Wanda ke tunanin ai zai sa masa na'urar sanyaya ɗaki, ya tuna da halin wutar lantarki a watan Mayu, ya kuma tuna da takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata.

Cinsa da kuɗinsa

Kwanon sauran tuwo da ruwan miya da muke miƙa ma karen gida ba zai riƙe wannan ba. Babban kare mai aiki yana cin abin da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, wato mai kilo 30 yana bukatar giram 600 zuwa 900, kuma mafi yawansa nama ne ko kifi ko ƙwai, a haɗa da ɗan shinkafa ko gero dafaffe da ganye. Mu yi lissafin kasuwa. Mu ɗauka kilon nama jikka 3 ne, kuma rabin kilo kawai za a ba shi. Jikka ɗaya da rabi ke nan a rana, jikka 45 a wata, jikka 540 a shekara, ba a sa kuɗin allura da magani ba. Kowa ya kwatanta wannan da albashin mai gadi matashi.

A raba masa abincin sau biyu, safe da yamma, kuma kada ya yi gudu da cikakken ciki, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu na iya murɗewa, ciwon da ke kashewa cikin ƴan awoyi. Akwai abubuwan da ke cikin kowace rumfa waɗanda guba ne gare shi: albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi da zabibi, har da goro. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon kai na mutane, irin su farasitamol da ibuprofen, kada a ba kare sai da izinin likita.

Muna da kira na musamman ga mahauta da masu sayen kayan ciki. Huhu ko hantar da aka ga tana da ƙulli mai ruwa a ciki, kada a jefa ma kare ɗanya. Ƙwayar wata tsutsa ce, tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya koma jikin mutum ta hannu ko ta abinci, ya yi masa ƙulli a hanta wanda sau da yawa sai an yi tiyata. A binne irin wannan nama ko a ƙone shi.

Allura, kaska da ciwon hauka

Kwikwiyo yana fara karɓar allura daga sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan sati uku ko huɗu, don kare shi daga ciwon amai da zawon jini da kuma ciwon nan mai kama huhu da jijiyoyi wanda ke kashe ƙananan karnuka. Allurar ciwon hauka ana yin ta yana wata 3, a riƙa sabunta ta yadda likita ya rubuta a karnensa. Maganin tsutsa duk wata uku. Kaska kuwa, da damina sai an duba kunnuwa da tsakanin yatsu kullum, domin tana sa cutar da ke shanye jinin kare, kuma baƙon kare ya fi na gida saurin faɗuwa. Irin na Cekosulobakiya yana da cututtukan gado da ya ɗauko daga karen Jamus: gurɓacewar gaɓar ƙugu, shanyewar ƙafafun baya in ya tsufa, da wata nakasa da ke hana kwikwiyo girma. Masu kiwo na gaskiya suna auna iyaye kafin su haɗa su.

Maganar ciwon hauka ta shafi kowa, mai kare da marar kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Alamunsa sukan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin su bayyana, kuma in sun bayyana babu magani. Amma tun ranar 6 ga Yulin 1885, da Louis Pasteur ya yi ma wani yaro allura a Paris ya tsira, an san hanyar tare shi.

Iyayenmu mata, ku riƙe wannan ko da ba ku riƙe komai ba a cikin rubutun nan. In kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, ana zuba ruwa ana wankewa, sannan a kai shi likita a ranar, a fara allura, a kuma cika ta. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko ɗaure ciwon. In karen na gida ne a tsare shi a kai ma ma'aikatan kiwo su sa masa ido na kwanaki, kada a kashe shi a yar. Kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da babban kare, kowane iri ne, musamman lokacin da yake cin abinci.

Cinikin biri a sama

Mu koma kan hoton da aka nuna ma Alhaji. A Faransa ɗan kwikwiyon wannan iri mai cikakkiyar takarda yakan haura Yuro 1000, wato sama da jikka 655 na kuɗinmu, kafin a yi maganar jirgi da takardun likita. Duk wanda ya ce zai kawo maka shi da kuɗin ɗan akuya, to ko dai hoton na wani ne aka ɗauko daga intanet, ko kuma wani kare ne mai tokar gashi aka laƙaba masa suna. Araha ba ta ado. Na gaskiya yana zuwa da takardar asali mai sunayen iyaye da kakanni, da karnen allura mai hatimin likita, da wata ƴar ƙwaya a ƙarƙashin fatar wuya mai lamba 15, wadda likitan dabbobi zai karanta da na'ura ya gwada ta da ta takarda. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8.

In kuma mai sayarwa ya rantse cewa uban ɗan kwikwiyon kerkeci ne na daji, to wannan dalilin gudu ne, ba na ƙara kuɗi ba. Tsatson farko shi ne wanda ya gagari sojojin Cekosulobakiya. A Ingila sai da lasisin ajiye dabbar daji mai haɗari ake riƙe tsatso na farko da na biyu. Norwe ta haramta irin na Cekosulobakiya ɗungurungum, Ostareliya kuma ta hana shigo da shi da na Saarloos. Waɗannan ƙasashe ne masu sanyi ko masu wadatar likitoci, amma suka ga ya fi masu sauƙi su rufe ƙofa.

Ta fuskar addini, abin da muka sha ji daga malamanmu shi ne an yarda a ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron dukiya, ba don ado da alfahari ba, kuma duk dabbar da ka tsare, cinta da shanta suna wuyanka. Batun saye da sayarwa kuwa akwai maganganun malamai a kai, kowa ya tambayi nasa.

Abin da muke nema a Turai yana Tawa

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan bincike shi ne, a daidai lokacin da muke sha'awar karensu, Turawa namu suke nema. Karen Azawak, wanda Buzaye da Fulani ke kiwo a arewacin Tawa da maƙwabtan ƙasashe Mali da Burkina Faso, an fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, FCI ta yi masa rajista a farkon shekarun 1980, babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka kuma ta karɓe shi a 2019. Dogo ne siriri, namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kawai. Gashinsa gajere ne, zafi bai dame shi ba, ya saba da nono da hatsi, kuma aikinsa tun kaka da kakanni shi ne tsaron zango da garke daga kura da baƙon dare. Yana da haushi, yana da kishin gida. Ko karen unguwa da muke raina, in aka ɗauke shi yana ƙarami, aka yi masa allura, aka ciyar da shi, aka saba masa da ƴan gida, zai yi aikin da ake bukata, wato ya ji motsi ya faɗa.

Wannan shi ne abin da muka shaida ma Alhaji da ya sake kiranmu a shirin da ya biyo baya. Muka ce ya riƙe kuɗinsa, ya gyara ƙofar mangaza da kwaɗo mai kyau, ya sa fitila mai aiki da hasken rana, ya ƙara ma tsohon mai gadinsa mataimaki, in kuma yana son kare ya nemi na gida ya kai shi wurin likitan dabbobi tun ranar farko. Ita kuwa Hajiya muka ce ta tambayi autanta ko zai iya tashi da asuba kullum ya yi tafiyar awa guda da kare har shekara 15, ko da ranar salla ce. Ta yi dariya ta ce yaron da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi zuwa lakkwal.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.